Babi na 7: Rumbun Darasi a Ofishin Darekta

Duk wanda ya bar Madawa ya nufi arewa, ya juya wa kwarin Tarka da fadamun albasarsa baya, ya hau duwatsun Adar zuwa Buza, daga can ya zarce Keita, zai ga rezon wayarsa yana zuwa yana ɗaukewa. A kan tudu sanduna su cika, in an gangara kwari su koma ɗaya, wani wurin ma a nemi rezo a rasa. Mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar sun san inda ake tsayawa kira ya shiga, ko gindin wata bishiya, ko saman wani dutse. Kira yana wucewa ta irin wannan rezo, saƙon murya na WhatsApp ma yana wucewa in an yi haƙuri. Darasin bidiyo ga aji guda a lokaci guda kuwa, babu ta inda zai bi.

Ko a cikin garin Madawa, inda rezo ya fi ƙarfi, kuɗi ne ke tare hanya. A ce malamin lissafi a wata kwalejin CEG yana son ɗalibansa 50 su kalli bidiyo na minti 10 a kan ka'idar Thalès, a ce kuma nauyin bidiyon mega 20 ne. In kowane ɗalibi zai jawo shi daga intanet da kansa, an cinye mega 1,000, giga guda ke nan, a kan darasi ɗaya tak, kuma gobe akwai wani darasin. Ba uban ɗalibi ba ne zai biya wannan, ba kuma malamin kwantaragi da ke jiran albashi ba. Lokacin da aka rufe makarantun Nijar a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, har zuwa farkon Yuni, an yi ta maganar karatu daga nesa. Ga yaron Tabotaki ko Garhanga, nesan ce kawai ta tabbata.

Amma bidiyon nan ba sai an saye shi sau 50 ba. Ana iya sauke shi sau ɗaya, a ajiye a cikin wata kwamfuta da ke zaune a makarantar, ita kuma ta riƙa miƙa shi ta wifi ga duk wayar da ta nema. Wannan kwamfuta ita ce saba. Dandalin karatu na intanet dama a kan saba yake zaune, sai dai galibi sabar tana Turai ko Amurka. Babu abin da ya hana a ɗauko dandalin kacokan a dasa shi a kan teburin darekta. Yadda magidanci ke cika rumbu da kaka ya riƙa ɗiba har damina ta zagayo, haka ake zuwa inda intanet yake a ɗebo darussa a lokaci guda, a dawo a yi ta amfani da su wata da watanni ba a sayi mega ko ɗaya ba.

Nijar ba baƙuwar irin wannan dabara ba ce. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara koyarwa ta talabijin a makarantun firamare. Ana shirya darussa a Yamai, ana watsa su zuwa azuzuwa 20 da ƴan kai, masu ɗalibai wajen 800, waɗanda mataimakan malamai masu gajeren horo ke kula da su. Kafin shekarun 1960 su ƙare har an fara kunna wasu akwatunan da hasken rana, a ƙasar da Abdou Moumouni Dioffo ya mayar da binciken makamashin rana aikin rayuwarsa. Masana ilimi daga ƙasashe da dama sun zo sun gani sun yaba. Duk da haka shirin bai game ƙasa ba, kuma bai wuce ƙarshen shekarun 1970 ba. Yana da tsada, kuɗinsa da ƙwararrunsa daga waje suke, sannan ya daɗe yana tafiya a gefe, ba a cikin jikin makarantun gwamnati na yau da kullum ba.

Bayan shekaru, dabarar ta dawo da sabuwar siffa. A 2012 shirin Afripédia ya kai ƙananan kwamfutoci ɗauke da Wikipedia ta Faransanci zuwa jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da harshen, har da Nijar, inda ɗalibi ke karanta ta ta wifi ba tare da intanet ba. Daga 2014 gidauniyar Orange ta fara raba wa makarantun firamare wasu kaya a dunƙule, ƙaramar saba da tablet 50 da majigi, kuma Nijar tana cikin ƙasashen farko. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin ƙauyuka masu fasahar zamani, wanda hukumar ANSI ke jagoranta. Abin da ya bambanta yau da jiya shi ne, kayan sun yi arahar da makaranta guda, ko ƙungiyar ƴan asalin gari da ke ci-rani a Abijan ko Legas, za su iya haɗa su da kansu.

Moodle, Kolibri da Kiwix

Manhajoji 3 ne suka fi yawo a wannan fage, dukansu kyauta ne, kuma kowace da aikin da ta fi iyawa.

Moodle ita ce babba. Wanda ya ƙirƙiro ta, Martin Dougiamas, ya tashi ne a hamadar yammacin Ostireliya, inda makaranta mafi kusa ta yi masa nisan da ba ya zuwuwa. Ta rediyo ya yi karatun firamare, malaminsa yana Kalgoorlie, wajen kilomita 1,000 daga gidansu, jirgin sama yana kawo takardu lokaci-lokaci. A watan Agusta na 2002 ya fitar da Moodle ta farko, yau kuma jami'o'i da makarantu a ko'ina cikin duniya suna aiki da ita. Sai dai Moodle fanko take zuwa. Tana ba malami wurin buɗe aji, ya zuba takardu da murya da bidiyo, ya shirya gwajin da na'ura za ta gyara da kanta, ya karɓi aikin gida, ya ajiye maki. Darasi kam ko ɗaya ba ta kawowa.

Kolibri ta fito ne daga ƙungiyar Learning Equality da ke San Diego a Amurka, wadda ta fara a 2012 da KA Lite, wato darussan Khan Academy marasa bukatar intanet, kafin ta fitar da Kolibri a 2017. Tun daga tushe an gina ta don wuraren da babu rezo. Tana zuwa da ɗakin karatu: lissafin Khan Academy, wanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta mayar Faransanci, gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Colorado, littattafan yara na African Storybook masu labarai da Hausa, da kayan karatu na Larabci da za su amfani makarantun Franco-Arabe. Maɓallanta da umarninta ma ana iya juya su zuwa Hausa ko Fulatanci. Rauninta shi ne, malamin da ke son ƙirƙiro sabon darasi daga tushe sai ya je inda intanet yake, ya shiga Kolibri Studio, sannan ya dawo da abin da ya shirya.

Kiwix ba makaranta ba ce, laburare ce. Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin ne suka fara ta a 2007, na biyun yana zaune a Mali a lokacin. Tana matse Wikipedia, ko Vikidia ta yara, ko ƙamus, cikin fayil guda da ake buɗewa ba intanet.

Ga firamare da CEG ɗin da bai taɓa gwada komai ba, Kolibri da Kiwix sun fi dacewa a fara da su, domin tun ranar farko yaro zai sami abin buɗewa. Moodle ta fi amfani inda malamai suka shirya rubuta nasu: lise, cibiyar koyon sana'a, makarantar horon malamai ta Kaocen a Tawa, ko wurin horar da ma'aikatan lafiya.

Ranar dasawa

Kwamfutar da aka fi ɗora waɗannan manhajoji a kanta ita ce Raspberry Pi, wadda ta fito daga Ingila a 2012 a kan dalar Amurka 35. Faɗinta bai wuce katin shaidar ɗan ƙasa ba. Ba ta da allo, ba ta da madannai, kuma komai nata a kan ɗan katin memori yake, irin wanda ake sa wa waya. Wani malami a Fribourg ta ƙasar Suwizalan, Nicolas Martignoni, ya haɗa Moodle da duk abin da take bukata cikin fayil guda a 2016, ya kira shi MoodleBox. Aikin mai dasawa shi ne ya sauke fayil ɗin a inda intanet ke da ƙarfi, a Tawa, Ƙonni ko Maraɗi, ya rubuta shi a kan katin da manhajar Raspberry Pi Imager, ya zura katin, ya jona wuta. Ja ƙaramar fitila ta kama, koriya ta fara ƙiftawa. Bayan minti ɗaya ko biyu, duk wayar da ke ɗakin za ta ga sabon wifi mai suna MoodleBox. A shiga, a buɗe burauza, a rubuta moodlebox.home, sai ga shafin makaranta.

A nan ake yawan cijewa. Wayar Android tana shiga wifi ɗin, ta lalubi intanet ta rasa, sai ta koma kan megan katinta ba ta faɗa wa kowa ba. Ɗalibi ya rubuta adireshi daidai, shafi ya ƙi fitowa, ya ɗaga hannu: "Mushe, nawa ba ya buɗewa." Maganin bai wuce a kashe megan wayar ba, in kuma ta tambaya ko a ci gaba da wannan wifi marar intanet, a ce mata e. Malamin da bai san wannan ba zai iya ɓata awa guda yana zargin akwatin.

Abu na biyu, kalmomin sirrin da akwatin ya zo da su a rubuce suke a shafin masu manhajar, kowa yana iya gani. Dole a canza su tun ranar farko, in ba haka ba ɗalibin da ya fi wayo a ajin troisième zai shiga ya gyara makinsa kafin a gama zangon farko. Sannan wifi ɗin da ke jikin Raspberry Pi ba ya ɗaukar mutane da yawa. Daga 20 zuwa 30 ya fara nishi, musamman in bidiyo ake kallo. Aji mai ɗalibai 60 ko 70, wanda ba baƙon abu ba ne a kwalejojin yankin, yana bukatar a haɗa masa rauta ta daban da waya, ko kuma yara 2 ko 3 su taru a kan na'ura guda. Taruwar ba asara ba ce. Yaran da ke gardama a kan amsa kafin su danna sun fi wanda ke zaune shi kaɗai ƙaruwa.

Wanda ba shi da Raspberry Pi, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe shi, kuma a ganin marubucin nan ita ce ma ta fi dacewa da gwajin farko. Tana da batirinta, tana da allonta, tana da agogonta, kuma mai gyaran kwamfuta a Ƙonni ko Maraɗi ya san cikinta. Ɗora mata Kolibri bai fi ɗora kowace manhaja wuya ba, ko a Windows ko a Ubuntu: a danna, a bi tambayoyi, a ba makaranta suna, a buɗe asusun babban mai kula. Kolibri da kanta za ta nuna adireshin da sauran na'urori za su rubuta, lambobi ne da ke ƙarewa da 8080. Darussa kuma ana shigo da su daga filashi, ko daga wata kwamfutar da ke da Kolibri in an haɗa su a wifi ɗaya. Ma'ana, in makarantar Tamaske ta cika tata, ta Ibohamane za ta iya kwafa daga wurinta, mai babur ne kawai zai shiga tsakani.

Moodle a kan kwamfuta ta fi neman gwani. Tana zaune ne a kan abubuwa 3: Apache ko Nginx mai miƙa shafuka, PHP da aka rubuta ta da shi, da ma'ajiyar bayanai kamar MariaDB. Akwai kurakurai 2 da ake yawan tafkawa. Moodle tana riƙe adireshinta a cikin wani fayil mai suna config.php, in rauta ta wayi gari ta ba kwamfutar wata lamba daban, shafuka su tarwatse, hotuna su ɓace. Don haka ake kafe lambar tun farko. Na biyun, Moodle da Ingilishi take zuwa, Faransanci sai an sauke shi daban. Wanda ya manta bai sauke ba kafin ya baro gari, zai isa Karofane da dandalin da malamai ba sa iya karantawa.

Akwai kuma maganar agogo, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Raspberry Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe su. Daga intanet suke tambayar lokaci. Inda babu intanet, akwatin da aka kashe ranar Juma'a zai farka ranar Litinin yana ganin har yanzu Juma'a ce. Gwajin da aka tsara ya buɗe Litinin da ƙarfe 8 ya ƙi buɗewa, aikin gidan da aka kawo a makare ya shiga a matsayin wanda ya zo kan lokaci. MoodleBox tana da wurin gyara kwanan wata da hannu, ana kuma sayar da ɗan ƙaramin agogo mai batir da ake maƙala wa na'urar. Raspberry Pi 5, da ta fito a 2023, ta zo da nata agogon, batir kawai ake saya mata.

Wuta, zafi da ƙura

Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a Nijar, kuma mafi yawansu a birane suke. Wutar NIGELEC da ke zuwa wannan yanki ta daɗe tana dogara da layin da ya shigo daga Katsina ta Gazawa. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 a kan hanyar Ƙonni, ta ƙara wani abu, amma da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 kowa ya ji a jikinsa, har zuwa Maris na 2024. Saba kuwa ba ta son a ɗauke mata wuta ba sallama. In kuran ya tafi tana cikin rubutu a kan katin memori, katin yana iya lalacewa, a wayi gari akwati ya ƙi tashi. Shi ya sa ko makarantar da ke da mita ya kamata ta sa batir tsakanin bango da saba, a kuma koya wa kowa kashe ta ta maɓallin da ke cikin shafin mai kula, ba da fizge waya ba.

Sabar kanta ba ta da ci. Raspberry Pi 4 tana jan wat 3 zuwa 7, in an haɗa da rauta a ce wat 15. Awa 8 na aiki ya kama wat-awa 120, abin da pano mai wat 50 zai samar cikin sauƙi a ranar Adar. Nauyin yana wurin cajin na'urorin yara. Tablet 30, kowace da batir mai wat-awa 20, sun kama 600, ninki 5 na abin da saba da rauta suka ci. Wanda ya yi lissafin pano a kan saba kaɗai zai ga akwati yana aiki lafiya lau, tablet kuma duk a mace. A lise da cibiyoyin horo, inda ɗalibai da yawa ke da waya a aljihu suna kuma cajin ta a gida ko wurin mai caji, wannan nauyi yana raguwa sosai, muddin hukumar makaranta ta tsara lokacin da aka yarda a fito da waya.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Raspberry Pi tana rage gudu da kanta in cikinta ya kai wajen digiri 80, sai bidiyo ya fara tsinkewa daidai lokacin da ƴan jarrabawar BEPC ke bita. Gidan ƙarfe mai shan zafi ya fi mai fanka, domin fanka tana zuƙo ƙurar hunturu tana cusa wa na'urar. Batir ya fi saba shan wahala. Irin mai ruwan acid ɗin nan da ya cika kasuwa, kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ofishin siminti da kwano sanyi, kuma can ya kamata a kai batir in da hali. Azuzuwan zana, waɗanda ake ƙirga su da dubbai a faɗin ƙasar, ba wurin ajiye batir da wayoyin wuta ba ne ko kaɗan. Gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, kowace ta ci rayukan yara 20 ko fiye. Wifi yana ratsa zana ba wahala, don haka saba ta zauna a ginin ofis, yara su kama ta daga rumfarsu.

Me za a zuba a ciki

Duk abin da aka lissafa a sama, mai hannu da kai zai gama shi cikin yini guda. Aikin da ba ya ƙarewa shi ne cika akwatin da abin da ya dace da yaran da ke gabansa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa fiye da ɗalibai 9 cikin 10 da ke gama firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. An sami ci gaba a zagayen 2019, amma har yanzu ɗalibi da yawa yana shiga sixième da Faransancin da bai isa ya bi bidiyon da aka yi wa yaron Lyon ba. Bidiyo 1,000 da bai fahimta ba ba za su yi masa abin da minti 5 na bayanin malaminsa da Hausa zai yi ba.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma darussan lissafi da kimiyya na matakin kwaleji da aka naɗa da Hausa ba su taka kara sun karya ba, ballantana Tamajak da Fulatanci da wasu yaran Keita da Bangi suka tashi da su. Babu wanda zai zo daga San Diego ya cike wannan giɓi. Malamin da ke da waya, ya jingina ta a kan tulin littattafai, ya ɗauki hannunsa yana warware lissafi a kan takarda yana bayani, ya riga ya yi darasi. In malaman da ke haɗuwa a zaman ƙara wa juna sani na CAPED suka raba babi-babi a tsakaninsu, kowa ya naɗi 3 ko 4 a shekara, suka haɗa da tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC da gyaransu, to cikin shekara 2 gundumar tana da abin da babu shi a kowace saba ta duniya.

Kuma yankin yana da abin koyarwa a ƙofar gida. Lissafin kaso cikin ɗari yana nan a buhun albasa, tsakanin farashin lokacin cira da na bayan wata 4 a cikin rudu, in an cire abin da ya ruɓe da ladan dillali. Darasin zaizayar ƙasa yana nan a tuddan Keita, inda babban shirin da Italiya da FAO da hukumar abinci ta duniya suka fara a 1984 ya farfaɗo da dubban hekta ya kuma dasa bishiyoyi wajen miliyan 18, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Yana nan a layukan bedi na kwarin Majiya a gundumar Buza, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon CARE don tare iska. Waɗanda suka yi aikin wasunsu suna raye, jikokinsu ne ke zaune a azuzuwan. Naɗar muryarsu a ajiye a sabar makaranta bai fi aikin yammaci guda ba.

Sauran magana ita ce hannun da za a bar wa akwatin. A ƙasar Peru an raba wa yara kwamfutoci masu yawan gaske a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a kan makarantu 319, bai ga wani ƙari a makin lissafi ko na harshe ba. A Nijar kuwa, shirin ABC na yaƙi da jahilci, wanda Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bibiya tare da Catholic Relief Services a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, ya nuna cewa manyan da aka koya wa amfani da ƙaramar salula a cikin darasinsu sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. A Peru na'ura aka miƙa wa yaro. A Doso da Damagaram malami aka ba kayan aiki, ya saka shi cikin darasin da dama yake yi.

Jihar Tawa tana da wata riba a nan. A cikinta aka fara shirin École pour tous a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, wanda ya sa iyaye suka riƙa zaɓen kwamitin kula da makaranta ta hanyar ƙuri'ar sirri, suna tsara aikin shekara, suna tara gudummawa. Daga Tawa tsarin ya bazu zuwa duk ƙasar. Kwamitin nan, COGES a da, CGDES yanzu, shi ne ya kamata ya san cewa batir zai mutu bayan ƴan shekaru, ya sa kuɗinsa cikin tsarin aikinsa tun kafin ranar ta zo. Shi ne kuma zai tsaya a kan cewa ƴan mata sun sami rabonsu na lokaci a cikin awannin karatu, domin in aka bar akwatin sai bayan an tashi, samari ne za su zauna, ƴan mata suna gida suna daka da ɗiban ruwa.

Malamai kuma ana yi musu canjin wurin aiki. Wanda ya dasa saba a Sabon Gida bana, baɗi yana iya samun kansa a Ilela. In shi kaɗai ya san kalmar sirri, ya tafi da makarantar a aljihunsa. Don haka mutum 2 aƙalla za su riƙe asusun mai kula, a rubuta kalmomin a takarda a rufe a ambulan a wurin darekta, a kuma ajiye katin memori na biyu da aka kwafe tsaf, wanda za a zura in na farko ya mutu. Sunayen yara da makinsu suna cikin akwatin, saboda haka ba kowa ake ba kwafin ba.

A ƙarshen Yuni, kafin a watse hutun damina, ake kwashe darussan shekara da maki a filashi, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a wurin sufeto. Ana kashe saba a naɗe ta a leda saboda laima da gara, amma batir ana barinsa a jone da pano, domin in ya kwana wata 3 babu caji ba lalle ya sake tashi ba. Cikin Satumba wani ya ɗauki akwatin ko filashi zuwa inda intanet ke da ƙarfi. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, wannan tafiya ta ragu ga wasu, tunda ana iya samun mai eriya a babban garin gunduma. A can za a sabunta manhaja, a sauke sabbin darussa, a buɗe azuzuwan sabuwar shekara, a ɗaga ƴan cinquième zuwa quatrième, a shigar da sunayen sabbin ƴan sixième kafin a koma aji a watan Oktoba.